Yadda Ake Haɗa Babban Tankin Gilashi na Kifi da Hannu

Ƙaramin tankin kifi yana yafe wa mai haɗa shi kurakurai da yawa. Babba ba ya yafewa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankin da zan yi bayani a kansa, mai tsawon santimita 150, faɗin 60 da tsayin 60, zai riƙe kusan kilo 460 na ruwa in aka cika shi yadda ya kamata. Gilashinsa kaɗai ya haura kilo 100. In ka zuba yashi da duwatsu, kana maganar abin da ya wuce kilo 600 zaune wuri ɗaya, kuma ba ƙusa ko walda a jikinsa. Siririn layin silikon, wato gam mai kama da roba da ake manna gilashi da shi, ne ke riƙe da komai.

Silikon kuma ba ya jiran kowa. Da zarar ya fito daga bututu, cikin minti 5 zuwa 15 samansa zai fara yin fata, daga nan ba zai ƙara kama gilashi da kyau ba. Shi ya sa kusan duk aikin ana gama shi ne kafin a buɗe bututun farko: awo, gogewa, gwaji, da jera kowane abu inda hannu zai kai.

Kayan da za ka tanada

Gilashi. Ka nemi gilashi na gama-gari, sabo, mai kaurin milimita 12, irin wanda ake iya yankawa. Kada ka karɓi gilashin da aka gasa don ƙarin ƙarfi, wanda masu sayarwa ke kira tamfad, sai dai in an yanka shi daidai awonka kafin a gasa. Bayan gashi ba ya yankuwa, ba ya huduwa, kuma ranar da ya fashe gaba ɗaya yake tarwatsewa. Akwai wani gilashi mai ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda gefensa bai da korenta sosai, yana nuna launin kifi tas. Abin sha'awa ne, amma ba ya ƙara ƙarfi. In kana so, ka sa shi a gaba kawai.

Silikon. Wanda aka rubuta a jikinsa cewa na tankin kifi ne, ko silikon zalla ba gauraye. Yawancinsu suna da wari mai kaifi irin na binega. Ka guji na banɗaki da na kicin, domin ana sa musu maganin hana fumfuna, kuma wannan maganin guba ne ga kifi. Ka duba ranar lalacewarsa. Bututu huɗu masu mililita kusan 300 za su isa, har da rara. Su zama na kamfani ɗaya, launi ɗaya. Baƙi ya fi ɓoye gansakuka da datti nan gaba, mai haske kuwa ya fi nuna maka kumfar iska yayin aiki, wanda alheri ne ga ɗan koyo.

Sauran kaya: bindigar matsa silikon (biyu in za ka samu), asiton (ruwan sinadari mai cire maiƙo) ko sifirit mai ƙarfi, tsummoki masu tsabta da ba sa zubar da zare, salatif na takarda, rezoji sabbi da yawa, tef na awo, sukwaya irin ta kafinta, ma'aunin daidaito mai kumfa irin na magina, maƙalan matse kusurwa, samfefa ko dutsen wasa wuƙa, safar hannu mai kauri ta ɗaukar gilashi, safar roba ta shafa silikon, tabarau na kariya, da ƙananan guntayen roba masu kaurin milimita 2. Sai farin soso mai tauri, irin wanda ake naɗe firiji da shi, mai kaurin santimita 1 zuwa 2, da katakon filawud mai milimita 18.

Abu na ƙarshe shi ne mutane. Gilashin gaba kaɗai ya kai kilo 26. Kana buƙatar mutum biyu tare da kai, kuma su san aikinsu kafin a fara.

1. Zaɓi kaurin gilashi bisa tsayin ruwa

Mutane da yawa suna kallon yawan lita su yanke kauri. Ba lita ke tura bango ba, zurfi ne. Kowane santimita 10 na zurfi yana ƙara matsin da ke kan ƙasan bangon, kuma tsawon bangon yana ba shi wurin lanƙwasawa. Tanki mai faɗi gajere ya fi dogo siriri sauƙin sha'ani ko da ruwansu ɗaya.

A taƙaice, ga tanki mai ɗaurin sama, wato siraran gilasai da ake mannawa a samansa don su hana bango kumbura: tsayin santimita 40 da tsawon da bai wuce mita ɗaya ba, milimita 8 ya isa. Tsayin 50, milimita 10. Tsayin 60 da tsawon 150, milimita 12. Daga tsayin 70 zuwa sama an shiga milimita 15 ko 19, kuma ban ba ɗan koyo shawarar farawa daga nan ba. Ban da nauyi, hannunka ma ba zai kai ƙasan tankin ba lokacin wanki. In kana tsakanin kauri biyu kana waswasi, ɗauki na sama.

2. Fitar da awo

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce bangaye huɗu su zauna a kan gilashin ƙasa, na gefe biyu kuma su shiga tsakanin na gaba da na baya. A kowace mahaɗa ana barin rata ta milimita 2 domin silikon ya zauna. Wannan rata ita ce zuciyar aikin. Gilashi bai kamata ya taɓa gilashi ba. Idan ruwa ya tura bango, silikon ɗin da ke tsakani ne ke ɗan miƙewa ya shanye motsin. In ka matse shi duka ya fita, ka bar ɗan fim siriri da zai yage da ƙaramin motsi.

Ga awon a milimita, domin da milimita ake magana da mai yanka:

- Ƙasa, guda 1: 1500 × 600
- Gaba da baya, guda 2: 1500 × 586
- Gefe, guda 2: 572 × 586
- Ɗaurin sama na tsawo, guda 2: 1472 × 80
- Ɗaurin sama na gicciye, guda 1 ko 2: 572 × 100

Lissafin 572 ɗin shi ne: 600, a cire kaurin gaba da baya (24), a cire rata biyu (4). Shi kuma 586 ya fito daga 600 ne bayan cire kaurin ƙasa da rata ɗaya. In ka canza kaurin gilashi, sai ka sake lissafin duka, kada ka kwafi nawa.

Gilashin milimita 12 ba abin yanka ba ne a gida ga wanda bai saba ba. Ka kai wa mai yanka, ka nemi ya goge gefuna, ka ce masa kuskuren da ya wuce milimita ɗaya ba za ka karɓa ba. In kana son rami na bututun tace ruwa, yanzu ne lokacin huda shi, ba bayan an haɗa ba, kuma kada ramin ya kusanci gefe.

Kafin ka ɗauko, auna kowane ɗaya da kanka. Auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, gilashin ya karkace. Ka ɗora na gefe biyu ɗaya kan ɗaya, su zama tamkar an yanka su tare. Duk wanda gefensa ya ɓalle ko yana da ɗan tsagi, ka mayar. Tsagin da ido da kyar ke gani shi ne ke tafiya idan ruwa ya danna.

In mai yankan ba shi da injin gogewa, ka jiƙa dutsen wasa ko samfefa da ruwa ka kashe kaifin gefunan da kanka. Kaifin kawai za ka kashe, ba zagaye gefen za ka yi ba, domin silikon yana buƙatar shimfiɗaɗɗen wuri.

3. Shirya mazauni da wurin aiki

Tankuna da yawa da suka fashe ba laifin silikon ba ne, laifin teburi ne. In kusurwa ɗaya ta mazaunin ta fi sauran sauka, gilashin ƙasa zai murɗe a hankali har wata mahaɗa ta buɗe. Mazaunin ya zama na ƙarfe da aka yi wa walda ko na katako mai kauri, samansa shimfiɗe da filawud, a kan filawud kuma soson nan. Ɗora ma'aunin daidaito ta tsawo, ta faɗi, da ta gicciye. In akwai karkata, a ƙafar mazaunin ake gyarawa. Soso yana shanye ƙwayar yashi ko ɗan tudu, amma ba ya gyara karkataccen teburi.

In a bene za a ajiye shi, ka tambayi wanda ya san ginin ko daɓen zai ɗauki nauyin.

Wurin haɗawa ya kasance a inuwa, ba ƙura, iska na shiga, domin warin silikon da asiton yana hawa kai. Asiton yana kama wuta, kada a sha taba ko a kunna wuta kusa. Ka kuma auna ƙofofin da tankin zai bi. In ba zai wuce ba, ka haɗa shi a cikin ɗakin da zai zauna.

4. Gwajin bushe

Ka tsayar da tankin gaba ɗaya ba tare da silikon ba, da guntayen roba a ratoci, salatif da maƙalai na riƙe da shi. A nan za ka ga ko awo ya yi daidai. A nan kuma abokan aikinka za su koyi wa zai riƙe me, daga wane gefe. Ka manna ɗan salatif a wajen kowane gilashi ka rubuta sunansa da kibiyar da ke nuna sama. Fuskar da ta fi tsabta ba ƙarzuwa ita ce gaba.

In ba ka da maƙalan kusurwa, ka ƙera biyu ko huɗu da filawud, ka tabbatar da su da sukwaya. Jarkoki cike da ruwa ma suna tokare bango da kyau.

5. Manna salatif, sannan gogewa

Kwance gilasan. A fuskar ciki ta kowanne, manna salatif a layi miƙe, ka bar kusan milimita 8 daga inda ɗayan gilashin zai tsaya. Wannan ne zai ba ka layin silikon mai kyan gani. Naɗe ƙarshen kowane salatif ya zama da ɗan kunne, domin ka cire shi da sauri da hannu mai santsi.

Yanzu gogewa. Jiƙa tsumma da asiton ka goge duk inda silikon zai taɓa, gefe da fuska. Goge ta hanya ɗaya, ka juya tsumman, ka sake da sabo. Masu yanka suna sa mai a kan abin yankansu, kuma wannan man yana nan a gefen gilashin ko ba ka gan shi ba. Kada ka yi amfani da sabulu, kananzir, fetur ko ruwan goge taga, dukansu suna barin wani abu a baya. Bayan ka goge, kada yatsa ya ƙara sauka a wurin. Maiƙon fata kaɗai ya isa ya hana silikon kamawa a daidai nan, kuma daga nan yoyo zai fito bayan watanni. In wani ya taɓa, ba faɗa, a sake gogewa.

6. Haɗawa

Shimfiɗa gilashin ƙasa a kan soso. Yanka bakin bututun a karkace yadda silikon zai fito da kaurin fensir. Ɗora bututu na biyu a ɗaya bindigar ya zama a shirye. Yanka guntayen salatif da yawa ka liƙa a gefen teburi.

Fara da baya. Ja layin silikon ɗaya, ba yankewa, a kan gefen ƙasa inda bangon baya zai zauna. Ka riƙa tura bindigar gaba da gudu ɗaya, kada ka tsaya ka dawo, domin nan iska ke shiga. Saka guntayen roba uku ko huɗu ƙanana ta bakin waje, yadda za a iya zaro su daga baya. Mutum biyu su sauke gilashin daga sama kai tsaye, kada su ja shi a kan silikon. Nauyinsa zai danna shi har kan robar. Ɗaya ya tsaya riƙe da shi.

Sai gefe na farko. Ja silikon a ƙasa inda zai zauna, da kuma a fuskar bangon baya inda gefensa zai jingina. Sauke shi, tura shi a hankali zuwa bayan har rata ta zama milimita 2, duba da sukwaya, ɗaure da maƙali da salatif. Da zarar biyun nan sun haɗu, za su tsaya da kansu. Yi gefe na biyu haka. Gaba ne na ƙarshe, kuma shi ne mai wuya, domin mahaɗa uku ake yi lokaci guda: ƙasa da gefe biyu. A nan bindiga ta biyu take da rana, mutum biyu su ja layi tare. Zaunar da ƙasansa tukuna a ɗan karkace, sannan a miƙar da shi ya rufe.

Maƙali aikinsa riƙewa ne kawai. In ka ga silikon na ta fitowa kana ƙara ɗaurewa, ka wuce gona da iri.

Leƙa kowace mahaɗa ta cikin gilashin. Ya kamata ka ga silikon ya cika ta daga gefe zuwa gefe. Ƙwayar kumfa ɗaya ko biyu ƙanana ba abin tashin hankali ba ne. Amma in ka ga wuri fayau mai tsawo, musamman a rabin ƙasa, ka cusa bakin bututu ka cika tun yana ɗanye. In bai ciku ba, gara a cire wannan gilashin a kankare a sake, duk da ɓacin ran da ke ciki.

Ba tare da hutawa ba, ja layi na biyu a duk kusurwoyin ciki guda takwas, ka bi da yatsa mai safar roba ko bayan ƙaramin cokali, shafa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Dalilin gaggawar shi ne sabon silikon ba ya kama wanda ya riga ya bushe yadda ya kamata, saboda haka ana so na ciki da na tsakani su bushe a matsayin abu ɗaya. Wasu suna tsoma yatsa a ruwan sabulu don ya yi sulɓi. Ni ban yarda da wannan ba, domin ruwan yana gangarawa inda ba a riga an shafa ba. Kana gamawa, cire salatif ɗin ciki nan take, kana jan sa nesa da layin. Wanda ya ɓullo ta waje ka ƙyale shi, reza za ta ɗauke shi idan ya bushe.

Akwai wata hanya ga wanda saurin nan ke firgita shi. Sai ka tsayar da tankin duka a bushe da robobi da maƙalai, sannan ka riƙa cusa silikon cikin ratar daga waje har ya ɓullo ta ciki, mahaɗa bayan mahaɗa. Tana ba da natsuwa, kumfa ma ba ta cika shiga ba, sai dai tana son rata ta kai milimita 2 zuwa 3 da maƙalai masu kyau. In ita za ka bi, ka gyara awon tun wurin mai yanka.

Washegari ka zaro guntayen robar, ka cike ramukansu da silikon.

7. Ɗaurin sama

Kada ka tsallake wannan don kwalliya. Bangon santimita 150 da ba ɗauri zai kumbura a tsakiya, kuma kumburin yana jan mahaɗan kusurwa dare da rana. Bayan kwana ɗaya ko biyu, goge cikin bangon gaba da na baya ta sama da asiton. Manna dogayen ɗaurin a kwance, kusan santimita 2 zuwa 3 ƙasa da baki, gefensu ɗaya na jikin bangon, ƙarshensu na jikin na gefe. Tokare su daga ƙasa da sanduna masu tsayi ɗaya har su kama. In za ka iya kwantar da tankin a kan bayansa ka manna, ya fi sauƙi, amma sai da hannaye da yawa. Idan suka bushe, ɗora na gicciye a kansu da silikon mai yawa, ɗaya a tsakiya ko biyu da suka raba tsawon uku. Bar ɗan wuri a kusurwar baya don waya da tiyo.

8. Jira

Silikon yana bushewa ne da damshin da ke cikin iska, daga waje zuwa ciki, kusan milimita 2 zuwa 3 a yini. Samansa zai yi tauri cikin awoyi alhali cikinsa ɗanye ne. Ga mahaɗar milimita 12, ka ba shi aƙalla kwana 7 daga ranar da ka sa ɗauri na ƙarshe. In iska ta bushe ƙwarai ko ana sanyi, ka kai 10 zuwa 14, ka ajiye kwanon ruwa kusa don ya ƙara damshi. Muddin kana jin warin nan mai kaifi idan ka sunkuya ciki, bai gama ba.  Kada a motsa tankin a kwanakin nan.

Bayan haka ka kankare rarar waje da sabuwar reza, kana kwantar da ita a jikin gilashi. Kada bakinta ya shiga cikin mahaɗa.

9. Gwajin ruwa

Ka yi shi inda in ruwa ya zube ba abin da zai lalace, a kan wuri daidaitacce da soso a ƙasa, nesa da wayar lantarki, yara kuma su yi nisa. Shimfiɗa takarda busasshiya kewaye da gindin, ita za ta tona ɗigon da ido bai gani ba. Zuba kashi ɗaya cikin uku, jira awoyi. Ƙara zuwa biyu cikin uku, bar shi ya kwana. Sannan ka cika, ka sa alama a matakin ruwan, ka rufe saman don kada tururi ya ruɗe ka, ka bar shi kwana 3 zuwa 7.

Auna faɗin tankin a tsakiya ta sama kafin zuba ruwa da bayan cikawa. Da ɗauri mai kyau, bambancin bai kamata ya wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Ka kuma riƙa duba mahaɗai. In ka ga farin tabo ko kumfa da ba ta nan da, tana ƙaruwa, silikon ne ke rabuwa da gilashi. Zuƙe ruwan da tiyo nan take.

In yoyo ya fito, kada ka shafa silikon a kai ta waje, ba zai riƙe ba. Kwashe ruwan, busar da tankin. In ɗigo ne kaɗan kuma silikon ɗin tsakani lafiya yake, yanke layin ciki gaba ɗaya, kankare har gilashi ya fito fes, goge da asiton, ja sabo. In tsakanin ne ya rabu, sai an cire wannan bangon dungurungum, da siririyar waya ko reza, a kankare, a sake manna shi.

10. Kai shi mazauninsa

Zuƙe ruwan duka kafin a ɗaga. Ko santimita biyu na ruwa a wannan tankin ya kai kilo 17, kuma yana gudu gefe ɗaya idan aka karkata. Mutum huɗu su ɗauka ta ƙasa, ko a kan filawud. Kada kowa ya kama ɗaurin sama. Share saman soson da tafin hannu kafin a sauke, sake duba daidaito, ka kuma sake dubawa idan ruwa ya kai rabi, domin nauyi yana zaunar da ƙafafun mazauni.

Ɗauraye ciki da ruwa zalla, ba sabulu. Manyan duwatsu kada su zauna kai tsaye kan gilashin ƙasa, sa musu farantin roba a ƙarƙashi kafin yashi. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, sai a sa maganin cire shi. Kunna matacin ruwa ka bar shi yana aiki, kana jefa ɗan abincin kifi kaɗan lokaci zuwa lokaci, domin ƙwayoyin halittar da ke narkar da amoniya daga kashin kifi su samu su yaɗu. Wannan yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Idan abin gwajin ruwa ya nuna amoniya da naitirait, waɗanda dukansu guba ne ga kifi, sun koma sifili, ka fara sa kifi kaɗan, ka ƙara wasu bayan mako biyu.